Goron Sallar Baba Dakta

Yadda na bar Kano ba abin faɗa ba ne, kuka aka sha a filin jirgi, kuma ni na fi kowa. Mu fara daga Heathrow, inda na sauka da jakunkunana, da kilishin da aka ƙwace tun kafin in gaisa da kowa, da wata rigar sanyi da na saya a Ƙofar Wambai. Mai rigar ya rantse mini daga jikin wani Baturen Rasha aka ciro ta. Ina fitowa waje iska ta mare ni, nan take na gane sanyi ne ya kashe Baturen.

Sunana Lawandi, ɗan Fagge. Karatu ne ya kai ni Landan, digiri na biyu. A unguwarmu ni ake ɗauka idan za a je sayen waya, don kada a cuci mutum. To ni ɗin nan, a satina na farko aka wanke ni tas, kuma ɗan layinmu ne ya yi wankin.

Bash ake ce masa. Ya daɗe a Landan har muryarsa ta koma ta hanci. Tun ina gida ya ce in turo kuɗin ɗaki, ya yi mini booking ɗin flat a Plumstead. "Lawandi, kana buɗe ido kana ganin ruwa," in ji shi. Bai yi ƙarya ba. Ruwan a silin yake, yana ɗiga cikin bokiti daidai kaina. Gadon ma karɓa-karɓa muke yi da wani Bayarabe mai gadin dare: ina tashi yana kwanciya, yana tashi ina kwanciya. A duk faɗin Ingila wannan katifar ce kaɗai ban taɓa jin ta da sanyi ba.

A nan na san kewar gida ciwo ce. Ranar Lahadi coci-coci su cika titi da waƙa, ni kuma in zauna bakin gado ina tuna kiran sallar Fagge, yadda ladan goma suke hawa kan juna ba mai jiran wani. Har zagin 'yan adaidaita sai da na yi marmari. Idan Hajiyarmu ta bugo in ce mata, "Hajiya, ai nan ko bola ƙamshi take yi." Ina kashe waya in share hanci.

Wata biyu a haka, sai ga mutanen council, wato hukumar unguwa, da takarda. Ashe gidan ba na Bash ba ne, ba kuma na wanda ya ba Bash ba ne. Aka watso mu waje. Wayar Bash kuwa tun daga ranar ta shiga lahira.

Zangona na biyu Stratford. Ina zaune kan jakata a bakin tasha, jama'a na wucewa kamar an buɗe dam, ina tura wa Bash saƙon murya wanda na haɗa da kakanninsa. Sai na ji an ce a kaina, "Kai! Wane ne yake zagi da Hausa mai kyau haka?"

Wata mata ce gajera mai faɗi, da ledoji a hannu biyu. Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, tana da ɗan gidan abinci a bayan tasha. Ba ta tambaye ni takarda ba, ba ta tambaye ni dangi ba. Cewa ta yi, "Ɗauki leda nan, yaro na. Ciki ya cika tukun, ka zage shi da ƙarfi." Ta zuba mini shinkafa da wake da wani baƙin yaji wanda ya dawo mini da ganina. Na yi watanni ina wanke mata kwanuka, ina kwana a sito tsakanin buhunan shinkafa, da rana in tafi makaranta ina warin albasa. Turawan ajinmu sun ɗauka turaren ƙasarmu ne.

Ita ce ta samo mini aikin da ya sa nake ba da wannan labari. Wata rana ta ce, "Wani mace ya zo nan, lauya ne, yana neman mutum da ya ji Hausa ya duba babansa. Na ce ina da wani, bakinsa ba ya rufuwa."

Gidan yana kusa da Regent's Park, tsohon gini mai bene, irin wanda aka saya tun ana sayen gida da albashi. Matar sunanta Hajiya Ummi. A Landan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma amsa sai da Turanci. Mahaifinta likita ne da ya yi ritaya, mutumin Yakasai, kowa Baba Dakta yake ce masa. Ya fi shekara hamsin yana duba Turawa da Turancinsu, sai ciwon mantuwa ya kama shi, Turancin ya tattara kayansa ya fita daga kansa, ya bar masa Hausar cikin gari tsantsa. Masu jinya su zo, ya ce ruwa, su miƙo masa jarida. Ita kanta Ummi ya manta ta, Sista yake kiranta, ya ɗauka ma'aikaciyar asibitinsa ce.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan gidan wane ne kai?"

"Daga Fagge nake, Baba."

"Fagge?" Ya juya wajen 'yarsa. "Sista, a ɓoye cokula."

Na ce, "Baba, ai mu ba ma satar cokali, tukunyar muke ɗauka."

Ya yi dariya har da tari. Ummi ta juya tana kallon bango, kafaɗunta na rawa. A ranar aka ba ni ɗaki a ƙasa, da gado nawa ni kaɗai, wanda na kwana uku ina jiran wani ya zo ya tashe ni.

Baba yana da wata jaraba guda: tara tsofaffin kuɗin Ingila. Ba irin tsabar da ake tsinta a aljihun kaka ba. Waɗannan proof ake ce musu. An buga su ne ba don a kashe ba, fuskarsu kamar madubi, tun daga gidan buga kuɗi aka jera su saiti-saiti cikin ƙananan akwatunan fata masu shimfiɗar karammiski. Duk darajarsu a abu ɗaya take: hannu bai taɓa taɓa su ba. Yatsa ɗaya ya sauka a fuskar, maiƙon jiki ya ci ƙarfen, shi ke nan.

Da la'asar, idan kansa ya ɗan washe, sai ya ce in ɗauko akwati. Mu sa farar safar hannu kamar za mu yi wa sauro tiyata.

"Ja baya da bakinka, ɗan Fagge, numfashinka ma ɓarna ne. Ta gefe ake riƙewa. Ka san wannan?"

"A'a, Baba."

"Sule ke nan. Wannan dala. Wannan ƙaramin taro. Wannan kuma sisi, rabin sule."

Jama'a, tun ina yaro nake rantsuwa ba ni da ko sisi, ban taɓa ganin idonsa ba sai a Landan. Ɗan mitsitsi ne, bai kai maɓallin riga ba. Na ce, "Au, kai ne ka sa ni ƙarya shekara da shekaru?"

Mutumin da bai san ya ci abincin rana ba, idan ya riƙe sisi sai Yakasai ta dawo masa gida-gida. Ya gaya mini yadda mahaifiyarsa ke ƙulle sulalla a bakin zane, da yadda ya yanke babban yatsansa yana yaro garin feƙe rake, ga tabon nan har yau ya ratsa tsakiya. Ya gaya mini yadda mahaifinsa ke zuwa kanti tun azumi bai ƙare ba a canzo masa sababbin kuɗi, don ba a ba yaro tsohon kwabo ranar Sallah. Da Ingila ta soke sule da sisi, shi kuma ya fara bin gwanjo yana tara su. Ni dai na fahimci ba Ingila yake tarawa ba.

Ummi ba ta son akwatunan nan. Ta taɓa gaya mini, da Turanci, cewa tana ƙarama ta buɗe ɗaya don ta ga hoton sarauniya, Baba ya yi mako bai yi mata magana ba. Ta ce, "Su ne yayyena. Su aka fi so."

Ana cikin azumi ta zaunar da ni a kicin ta faɗa mini gaskiya. Kuɗin jinya ya cinye ajiyar Baba. Akwai akwati guda da ya fi sauran duka a haɗe, na zamanin tsohuwar sarauniyar nan mai mayafin takaba, har da na zinariya a ciki, shi a banki yake kwana. Wani Bature dillali zai zo ya gani bayan Sallah. Idan ya saya, Baba zai zauna a gidansa shekaru, ni da rana, nas da dare. Idan bai saya ba, sai care home, gidan kula da tsofaffi. Ta ce ta je ta gani, wuri mai tsabta, mutanen kirki, amma ba wanda ya san mene ne ruwa. Ni dai na tuna sito da buhunan shinkafa.

Ranar jajibere ta ɗauko akwatin daga banki ta ajiye a ɗakin karatun Baba.

Da safen Sallah na tarar da shi ya riga ni tashi. Na sa masa farar babbar riga, na fesa masa turare.

"Ɗan Fagge, an karɓo sababbin kuɗi?"

"Baba, nan ai kati ake gogawa. Yaran ma da waya suke karɓa."

Ya ja tsaki. Na sauka neman hulata. Da muka fito na ji aljihunsa na ƙara, ban kawo komai a raina ba, don Baba ya saba yawo da makullan ƙofofin da aka daɗe da rushe su.

Wanda bai ga Idi a masallacin Regent's Park ba, bai ga launin mutane ba. Somalawa, Larabawa, 'yan Pakistan, Turawan da suka musulunta, ga namu da zanna bukar suna ɗaga hanci. Da aka sallame na zaunar da Baba kan wani benci a farfajiya na koma neman takalmina. Takalma ne tsibi kamar Dala da Gwauron Dutse. Na sami ƙafar dama, ta hagu na ji an ce ta tafi Birmingham.

Ina dawowa da takalmi ɗaya na hango yara sun yi wa bencin zobe. Baba na tsakiya, fuskarsa kamar an kunna fitila, ban taɓa ganinsa haka ba.

"Zo nan, 'yar wa ce ke? Ungo. Barka da Sallah. Kai mai kunnen nan, matso, kai ma ga naka."

Rana ta haska abin da ke hannunsa, na ga walƙiyar zinariya. Na kwasa a guje. Baba ya nemi sababbin kuɗi bai samu ba, ya shiga ɗakin karatu ya ga waɗanda suka fi komai sabunta a gidan, ya juye su a aljihu da hannunsa tsirara.

Kafin in iso aljihun ya kusa zama wayam, yara sun watse cikin dubban mutane.

Duk wayon da na koya a Fagge a ranar na kashe shi. Yaron Landan ba ya jin "kawo in gani". Wata 'yar Somaliya sai da na ba ta takardar kuɗi da alkawarin askirim. Wani ya ce agogona yake so, na kwance. Ɗan wani babban mutum daga Kano, bai fi tsayin kujera ba, ya dube ni sama da ƙasa ya ce da Turanci kyauta ce aka ba shi kuma ya san haƙƙinsa. Hulata ta tafi a kansa. Wata Balarabiya ta ga ƙato da takalmi ɗaya yana bin yara yana karɓe musu kuɗi, ta sauke mini jakarta a ƙeya, ina jin bulo ta ajiye a ciki. Wani bawan Allah ɗan Pakistan kuwa, da ya gane abin da ya faru, da kansa ya buɗe hannun ɗansa ya miƙo mini, ya dafa kafaɗata ya ce mahaifinsa ma haka ya koma kafin ya rasu.

Hajiya Memuna ce ta cece ni. Ta zo Idi ita ma, ta ji hayaniya. Ta hau kan dakali ta buɗe muryar nan da take kiran masu wanke-wanke, cikin Turanci da Hausa da abin da ban san sunansa ba. Iyaye mata suka shiga caje 'ya'yansu. Babban na zinariyar a bakin wani yaro aka same shi, yana kuka, ya ɗauka cakulan ce a naɗe. Ga shatin haƙorinsa nan a kumatun sarauniya.

Muka tara su a hankicina, duk sun sha yatsu da maiƙon alewa. Hajiya Memuna ta leƙa ta ce, "Kawo in goge shi da toka da lemu tsami, ya koma sabo."

Na ce, "Hajiya, don Allah ki bar gawar nan ta huta."

Biyu ne ba mu samu ba: sule da sisi.

A tasi Baba sai murmushi yake yi. "Ka ga yarinyar nan mai jan ɗankwali? Har ƙasa ta durƙusa. Akwai sauran tarbiyya a garin nan."

Mun tarar da Ummi a falo, akwatin a buɗe kan cinyarta, ramukan karammiski sun zuba mata ido. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta buga wa dillalin, shi ba ruwansa da Sallah, kafin la'asar ya iso. Dattijo ne siriri mai sanyin murya. Ya sa farar safa, ya ɗora gilashi a ido, ya ɗauki na farko, ya ɗauki na biyu. Da ya zo kan mai shatin haƙori sai ya ajiye gilashin, ya zare safar a hankali ya mayar aljihu. Wannan zare safar ya fi mini kowane bayani.

Ya ce zinariya dai tana nan zinariya, zai saya a kan nauyinta da ɗan abin da ya rage na tsufa. Amma abin da ya zo saya ba ya nan kuma. Abin da za a samu zai riƙe gidan watanni, ba shekaru ba. Ya gaishe da Baba cikin ladabi ya fita, kamar mai barin gidan makoki.

Ummi ta ce mini da Turanci, ba tare da ta kalle ni ba, ba laifina ba ne, amma in fara neman wuri. Za ta kira care home da safe. Sannan ta durƙusa gaban Baba tana cire masa safar ƙafa, don ƙafafunsa sun kumbura.

"Ummi."

Hannunta ya tsaya cak. Tun da na zo gidan ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

"Ina kika shiga tun safe? Na raba wa 'ya'yan mutane ina ta dubawa ban gan ki ba." Ya cire hularsa, ya laluba cikin naɗin, ya fito da sulen. "Na ɓoye miki naki, kada su cinye."

Ya kamo hannunta ya buɗe, ya ɗora mata a tsakiyar tafi, ya naɗe yatsunta a kai da nasa.

"Kada ki ƙarar a alewa. Ki rage na gobe."

Matar nan da alƙalai ke shakka ta zauna daɓas a kan kafet. Ta daɗe tana kallon hannunta a dunƙule. Can ta ce, "Na gode, Baba. Allah ya maimaita mana." Hausar tana tafiya kamar mai koyon takalmi mai tsini, amma ta isa inda za ta.

Ni ina bakin ƙofa, sai ya hango ni.

"Kai kuma ɗan Fagge, zo nan kafin ka sata." Ya sake laluba hular. "Ungo sisi. Rabin nata ne, ka cinye sauran a surutu."

Na ce, "Baba, hula da agogo da takalmi na yi asara yau, sisi za a ba ni?"

"Kawo idan ba ka so."

Na karɓa ta gefe, kamar yadda ya koya mini. Na dubi Ummi, ta gyaɗa kai.

Da safe ba ta kira kowa ba. Cikin sati ta zuba 'yan haya a flat ɗinta, ta dawo ɗakinta na yarinta, ta sallami nas ɗin dare ta karɓi aikin da kanta. Aka sayar da abin da za a iya sayarwa, aka haɗa da kuɗin haya, aka lallaɓa. Kada ku ce warkewa ya yi. Washegari ma Sista ya kira ta. Sai dai yanzu idan ya ce Sista, "Na'am, Baba" take cewa, kuma idan ya ce ruwa, ruwa ake kawowa.

Ya sake ganin wata Sallar. A wannan karon tun ana azumi na je banki na canzo masa sababbin tsaba cike da leda. Ya raba su tas a kan bencin nan, yana mita wai kuɗin zamani ba nauyi, kamar murfin kwalba. Yaron da ya ciji sarauniya ma ya zo, ya yi sabon haƙori.

Da sanyi ya shigo Baba ya rasu, a gadonsa, da hantsi, Ummi na riƙe da hannunsa, ni kuma ina ba shi labarin ƙarya a kan yadda Fagge ta fi Yakasai malamai. Ina jin da ya sami ƙarfi da ya ce a ɓoye cokula.

Yanzu na gama karatu, ina aiki, ina da ɗaki a Stratford wanda ruwansa a famfo yake. Kwanaki na bi ta shagon dillalin nan na nuna masa sisina, don in ji ko na zama attajiri ban sani ba. Ya ɗora gilashi ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini gilashin. A kan fuskar madubin akwai shatin babban yatsa, ya ci ƙarfen, da wani layi da ya ratsa tsakiyarsa. Ya ce wannan ba ya fita har abada, ya yi mini tayin abin da bai fi kuɗin shayi da biredi ba. Na ce masa wannan layin rake ne ya jawo shi, a Yakasai. Bai gane ba. Na naɗe abina.

Duk Sallah 'yan Fagge sai sun bugo neman goro, har da masu ce mini wai Bash yana gaishe ni. Nakan rantse musu ba ni da ko kwabo, kuma gaskiya ne. Sisi ne ba na rantsuwa a kansa. Yana nan cikin naɗin hulata, da shi nake zuwa Idi.